KUƊIN KAMA GURBI DA SAUYA YARJEJENIYA A GIDAJEN RENON YARA: HAKKIN IYAYE DA NAUYIN DA KE KANSU

Jawabin da kwamitin kula da iyali ya gabatar a taron iyaye na ikkilisiyoyin birnin Zariya da kewaye. An buga shi saboda 'yan'uwan da ba su samu halarta ba.

 

ABIN DA YA SA MUKA ƊAUKO WANNAN MAGANA

Kwanakin baya wata 'yar'uwarmu, ma'aikaciyar jinya da ke zaune kusa da Ƙofar Doka, ta zo wurinmu da hawaye. Hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, sai ta je wani gidan renon yara ta biya naira 60,000 domin a riƙe wa jaririnta gurbi. Saura mako biyar a buɗe zango aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Kafanchan. Ta koma ta yi bayani, ta roƙi a mayar mata da kuɗinta ko da rabi ne. Aka nuna mata wata takarda da ke manne a bangon ofis, an rubuta da Turanci cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya. Yaron bai taɓa yin ko awa ɗaya a gidan ba, kuma kafin a buɗe zango an ba wani yaro gurbin nasa.

Bayan ita, wani ɗan'uwa mai sayar da kayan gyaran babur a Tudun Wada ya kawo nasa kukan. Sun yi magana da makarantar nazare cewa za a riƙe 'yarsa har ƙarfe huɗu na yamma, saboda matarsa malama ce, ba ta tashi da wuri. Zango ya yi nisa sai ga saƙo ta WhatsApp cewa daga Litinin za a riƙa tashi ƙarfe ɗaya, wanda yake son a riƙe masa yaro zuwa huɗu sai ya ƙara kuɗi. Ya riga ya biya kuɗin zango cif, ba shi kuma da inda zai kai yarinyar.

Ba za mu ambaci sunan kowa ko na wata makaranta ba, domin ba tonon silili ya tara mu ba. Abin da ya dame mu shi ne, su biyun duk sun zo suna tambaya iri ɗaya: shin muna da wani hakki, ko kuwa sai dai mu bar wa Allah? Amsar ita ce kuna da hakki, kuma doka ta san da shi.

RAINO JIYA DA YAU

Iyayenmu ba su san wani abu wai shi kuɗin raino ba. A gidan gandu, ɗa na kowa ne. Uwa ta tafi rijiya, kishiya ko matar wa ta goya mata. Lokacin yaye ya yi, a kai yaro wurin kaka. Gwaggo da ba ta samu haihuwa ba a ba ta riƙo, ta rene shi har ta yi masa aure. Duk wanda ya karanta littafin Baba na Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a nan ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai ga yadda riƙon 'ya'ya yake ɗinke zumunta. A wancan tsari babu rasit, amma akwai kunya, akwai idon dangi, akwai kuma babban gida da zai tsawata.

Mu kuma a wannan gari muna da tsohon tarihi da riƙon 'ya'yan mutane. Likita Walter Miller ya zauna cikin ganuwar birnin nan tun 1905, ya tara yara yana koyar da su, kafin mishan ya koma Wusasa a 1929. Daga irin waɗannan makarantu aka samu mutane kamar Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Iyayen wancan zamani sun miƙa 'ya'yansu bisa amana kawai.

Yau zama ya sauya. Yawancinmu muna zaman haya, ɗaki biyu ko ciki da falo, kaka tana Zonkwa ko Ikara ko Maƙarfi. Miji yana fita nema, mata ma tana fita. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mace hutun haihuwa na mako 12. Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta mata zuwa wata shida a 2019, amma mai aiki a shago ko a asibitin kuɗi ko a makarantar kuɗi sau da yawa ko wata uku ba ta cikawa. Haka muka wayi gari muna sayen abin da dā zumunta take ba mu kyauta. Tunda kuwa abin ya zama ciniki, dole mu koyi ƙa'idar ciniki.

KUƊI NAWA MUKE BIYA, KUMA NA MENE NE?

Rabin rigimar da take zuwa gabanmu daga nan take farawa. Uba ya tura kuɗi dunƙule, a rubuta masa rasit dunƙule, ran da magana ta tashi babu wanda zai iya cewa wannan na kaza ne. Ya kamata mu rarrabe su.

Na farko, kuɗin fom da rajista. Wannan na aikin da aka riga aka yi ne, na takarda da buɗe fayil. Yawanci ba ya dawowa, kuma idan bai wuce kima ba babu abin faɗa a kansa.

Na biyu, kuɗin kama gurbi, wato kafin alƙalami. Wannan wani yanki ne na kuɗin zango da aka biya tun da wuri. Idan yaro ya shiga, sai a cire shi daga abin da ya rage a biya. Idan bai shiga ba, a nan ne ake yawan samun saɓani.

Na uku, kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda ake karɓa don ko yaro zai fasa wani abu. Wannan kuɗin na uba ne, ajiya ce kawai a hannun makaranta. Ranar da yaro ya bar wurin ba tare da ya ɓata komai ba, dole a mayar. Da yawa cikinmu mun bar irin wannan kuɗi a makarantu saboda mun manta, ko muna jin nauyin tambaya.

Na huɗu, kuɗin zango da na abinci da na mota da na yunifom da littattafai. Kowanne a nemi a rubuta shi daban.

ABIN DA DOKA TA CE GAME DA MAYAR DA KUƊI

Akwai dokar tarayya ta kare masu sayen kaya da masu biyan kuɗin aiki, ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar da ake taƙaita sunanta da FCCPC. Wanda ya biya kuɗi a rena masa yaro, aiki ya saya, saboda haka dokar ta rufe shi kamar yadda ta rufe mai sayen firiji.

Sashe na 120 na dokar ya ce wanda ya biya kuɗi tun da wuri domin a ajiye masa wuri ko kaya yana da ikon fasawa. Mai wurin yana da ikon cire wani abu saboda fasawar, amma abin da zai cire ya zama daidai wa daida. Wajen auna daidai ɗin nan ana duba irin aikin, da tsawon sanarwar da aka bayar, da ko mai wurin zai iya samun wani ya maye gurbin idan ya yi ƙoƙari, da kuma yadda aka saba yi a wannan sana'a. Sashen ya ƙara da cewa idan mutuwa ko kwanciya asibiti ce ta hana wanda aka kama wa gurbin zuwa, ba a cire komai. Ku auna wannan da labarin 'yar'uwarmu ta Ƙofar Doka: ta ba da sanarwar mako biyar, an kuma cike gurbin. Riƙe kuɗinta gaba ɗaya cin kuɗi biyu ne a kan gado ɗaya.

Sashe na 127 ya hana sanya sharuɗɗan da suka karkata gaba ɗaya ga mai sana'a suka danne mai biya. Sashe na 130 kuma ya ce wanda ya biya kuɗin aiki yana da hakkin a yi masa aikin a kan lokaci kuma da ingancin da ya dace, in ba haka ba a gyara, ko a mayar masa da wani yanki na kuɗinsa gwargwadon abin da aka gaza yi.

To, ina matsayin takardar nan ta bango mai cewa ba a mayar da kuɗi? A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta saurari ƙarar wani fasinja da ya sayi tikiti, mota ta ƙi tashi, ya nemi kuɗinsa aka ce masa tsarin kamfani ya hana. Kotun ta ce wannan tsari ya saɓa wa doka, ta kuma umurci kamfanin ya biya shi diyyar naira 500,000. Shari'ar mota ce, amma dokar da aka yi aiki da ita ita ce wannan da muke magana a kai. Rubutu a bango ba ya shafe abin da majalisa ta rubuta a doka.

Sai dai mu faɗi gaskiya duka. Idan uba ya cire yaro a tsakiyar zango ba tare da wani laifin makaranta ba, kuma ba da sanarwa ba, kada ya sa rai a mayar masa da kuɗin zangon dukansa. An ɗauki mai raino saboda yaronsa, an sayi abinci, an hana wani gurbin. Doka tana kare mai biya, tana kuma kare mai aiki.

IDAN AKA SAUYA MAGANA BAYAN AN ƘULLA

Yarjejeniya magana ce ta mutum biyu. Abin da biyu suka ƙulla, ɗaya ba ya kwance shi shi kaɗai. Wannan ƙa'ida ce ta dokar ciniki, kuma haka iyayenmu suka sani a kasuwa: in an ce "na sallama" an ce "na saya", magana ta ƙare. Yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce a idon doka, wahalarta dai ita ce kafa hujja ran da ɗaya ya musa.

A nan mu bambanta abu biyu. Makaranta tana da ikon ta ce daga zango mai zuwa kuɗinta ya ƙaru, muddin ta sanar da wuri yadda uba zai iya shiri ko ya nemi wani wuri. Amma zangon da aka riga aka biya, a kan farashi da lokacin tashi da aka amince, ba ta da ikon ta sauya shi a tsakiya sai da yardar iyaye. Ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya sayi raino har ƙarfe huɗu. Ko a ba shi abin da ya saya har ƙarshen zango, ko a rage masa kuɗin awa ukun da aka janye.

Ku lura da wani tarko. Wasu takardun shiga suna ɗauke da layi ɗaya a ƙasa, da ƙananan haruffa, mai cewa hukumar makaranta tana da ikon sauya kowane sharaɗi a duk lokacin da ta ga dama. Kafin ku sa hannu ku tambaya: sanarwar kwana nawa za a ba mu, kuma idan ba mu amince ba, za a mayar mana da ragowar kuɗinmu? A rubuta amsar a jikin takardar. Tarko na biyu shi ne shiru. Idan aka sauya sharaɗi kuka ci gaba da biya wata da watanni ba ku ce uffan ba, za a iya ɗauka kun amince. Wanda bai yarda ba ya rubuta cewa bai yarda ba, ko da zai biya don kada a kori yaron.

Sauyi kuma ba a kuɗi kaɗai yake ba. Akwai gidan da aka nuna muku masu raino uku, bayan wata biyu saura ɗaya da yara ashirin. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ce a ɗakin jarirai mai raino ɗaya ga yara 10, a ajin nazare malami ɗaya ga yara 25. Akwai gidan da ake tashi daga ginin da kuka gani a koma wani kango mai rijiya a buɗe. Akwai inda ake daina ba da abincin da aka karɓi kuɗinsa. Duk waɗannan sauya yarjejeniya ne, kuma sun fi ƙarin kuɗi haɗari, domin lafiyar yaro suke taɓawa.

Akwai sauyi guda da ya shafe mu musamman, mu da muke tsiraru a inda muke zaune. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashen ya kuma ba kowace al'ummar addini ikon koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyinta. Saboda haka ku yi tambaya tun ranar farko: wace addu'a ake yi da safe, wane darasin addini ake koyarwa, me ake yi da yaron da ba na wannan addini ba? Abin da aka amsa muku ya shiga takarda. Mu kuma tuna cewa wannan sashe yana kare ɗan maƙwabcinmu Musulmi da aka kawo nazaren ikkilisiya kamar yadda yake kare namu. Abin da ba mu so a yi wa ɗanmu a ɓoye, kada mu yi wa ɗan wani.

IYAKAR DA BA A ƘETAREWA

Ko da uba ne yake da laifi, ko da bashi ya yi masa katutu, akwai abin da ba a yi. Ba a tsare yaro a ce sai an biya za a sake shi. Yaro ba jingina ba ne, kuma tsare shi keta 'yancinsa ne a ƙarƙashin Tsarin Mulki. Ba a dukansa, ba a hana shi abinci, ba a tsayar da shi gaban 'yan'uwansa ana yi masa ature saboda bashin ubansa. Dokar kare hakkin yara ta tarayya ta 2003, da wadda Jihar Kaduna ta kafa a 2018, duk sun sa maslahar yaro gaba da komai. Makaranta tana iya cewa kada a kawo yaro sai an biya, tana iya kai uban ƙara, amma hannunta ba ya kan yaron.

Haka kuma ba a kai maganar bashi ofishin 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Wannan gargaɗi ne ga masu makaranta, gargaɗi ne kuma ga iyayen da suke da ɗan'uwa mai kaki suke son su tsorata mai makaranta da shi.

Muna kuma ba da shawara kada ku bar asalin takardar haihuwa ko katin allurar rigakafi a hannun kowa. Ku nuna asali, ku ba da kwafi. Mun ga inda aka riƙe irin waɗannan takardu ana ja wa iyaye rai da su.

MATAKAN DA ZA A BI IDAN SAƁANI YA TASO

Mataki na ɗaya: ku je da kanku, ku biyu, ba a gaban yara ba, ba kuma a bakin ƙofa lokacin tashi ba. Magana zarar bunu ce. Da yawa daga cikin rigingimun nan suna mutuwa a zama ɗaya idan ba a fara da zagi ba.

Mataki na biyu: ku rubuta takarda gajeruwa, da Hausa ko da Turanci. Ku faɗi ranar da kuka biya, nawa kuka biya, abin da aka yi alkawari, abin da aka sauya, abin da kuke nema, da wa'adin da kuka bayar, misali mako biyu. Ku riƙe kwafi, a sa muku hannu cewa an karɓa. Ku adana rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin waya. Kada ku goge komai.

Mataki na uku: ku nemi sauran iyaye. Abin da aka yi wa ɗaya yawanci an yi wa goma, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar iyaye da malamai an kafa ta ne saboda irin wannan rana. Amma kada a mayar da zauren WhatsApp wurin ɓata suna, domin wanda ya yi ƙazafi zai iya komawa shi ne ake ƙara.

Mataki na huɗu: sulhu. Idan duka ɓangarorin 'yan ikkilisiya ne, dattawa su zauna da su. Idan mai gidan rainon maƙwabci ne Musulmi, mai unguwa da dattawan unguwa sun saba raba irin wannan gardama, kuma mun sha ganin sun yi adalci. Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, shaidu su sa hannu.

Mataki na biyar: hukuma. A Jihar Kaduna akwai hukumar tabbatar da ingancin makarantu, ita ce take yi wa makarantu masu zaman kansu rajista take kuma sa musu ido. Akwai FCCPC, wadda take karɓar koke ta intanet. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, kuma ba a biyan ko kwabo. Mai neman shawarar lauya ba shi da hali yana iya tuntuɓar Hukumar Taimakon Shari'a, ko ya leƙa Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, inda ake da ofishin taimakon marasa ƙarfi. Kada ku ɗauka gwamnati ba ta shiga maganar kuɗin makaranta. A 2020, bayan dogon rufewar annobar korona, Gwamnatin Kano ta umurci makarantu masu zaman kansu su rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin zango na uku.

Mataki na ƙarshe: kotu. Tun 2001 Jihar Kaduna take da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya, ga kuma kotun majistare da take sauraren ƙarar kuɗi tsakanin kowa da kowa. Amma ku yi lissafi tukuna. Kada a kashe naira 100,000 wajen neman 20,000, a kuma rasa maƙwabci.

IDAN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

'Yan'uwa, za mu zama marasa gaskiya idan muka tsaya a nan. Masu gidajen rainon nan da yawansu suna zaune cikinmu a wannan ɗaki. Wasu gwauraye ne da suka zuba kuɗin sallamar mazajensu suka buɗe aji biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A wannan lokaci hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Mai gidan raino tana biyan haya, tana sayen ruwa da gawayi da sabulu a kasuwar da muke saye. Idan ba ta ƙara kuɗi ba, mai rainon kirki za ta gudu, a bar 'ya'yanmu a hannun wadda ba ta san aikin ba.

Mu kuma iyaye muna da namu halin. Akwai mai tara bashin zango biyu, sai ya ɗauke yaro a sulale ya kai wata makaranta. Akwai mai zuwa ɗaukar yaro bayan magariba kullum, bai taɓa tunanin mai rainon ita ma tana da 'ya'ya a gida ba. Akwai mai kawo yaro da zazzaɓi ya ɓoye. Akwai mai cewa ai makarantar ikkilisiyarmu ce, don me za a matsa mini. Alkawari kaya ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda yake neman a cika masa yarjejeniya ya fara cika tasa.

Akwai kuma wata yarjejeniya da ba mu cika son a taɓo ba, ita ce ta 'yar raino da muke ɗaukowa daga ƙauye. A nan mu ne masu sauya magana. Mun ce wa iyayenta za mu sa ta makaranta, shekara ta zagayo ba ta ga allo ba. Mun ce raino kawai, ga wanki ga talla ga ɗiban ruwa. Kuɗin aikinta kuma yana tafiya hannun wata dillaliya. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Iyayen yarinyar nan su ma iyaye ne, hakkinsu bai gaza namu ba don ba su iya rubuta takardar koke ba.

SHAWARWARINMU

Ga iyaye: kafin ku biya ko sisi, ku tambaya ko gidan yana da rajista da gwamnati, ku nemi ganin takardar. Ku shiga ku ga ɗakin kwana da bayan gida da inda ake ɗebo ruwa. Ku nemi a rubuta abubuwa shida: jimillar kuɗi dalla-dalla, lokacin kawowa da ɗauka, abin da ake mayarwa idan an fasa, tsawon sanarwa kafin kowane sauyi, wanda aka yarda ya ɗauki yaro, da asibitin da za a kai shi idan ciwo ya taso. Wanda bai iya Turanci ba ya tafi da wanda ya iya, ko ya nemi a fassara masa. Ba abin kunya ba ne, dokar 2018 ma ta ce mai biya yana da hakkin a yi masa bayani da harshe mai sauƙin fahimta.

Ga masu gidajen raino: ku sanar da ƙarin kuɗi zango guda kafin lokaci, ku kira iyaye ku buɗe musu lissafi. Ku ajiye kuɗin ajiya daban, kada ku haɗa shi da na cefane. Ku cire takardar nan ta bango, ku maye ta da tsari bayyananne: wanda ya fasa da sanarwar wata guda ga abin da zai karɓa, wanda ya fasa ana gobe buɗewa ga nasa.

Ga ikkilisiyoyinmu: makarantun da suke ƙarƙashinmu su fara zama abin misali. Kowace ikkilisiya ta ware mutum uku, ciki har da mace da wanda ya san doka ko aikin koyarwa, domin sauraren irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Kwamitinmu zai shirya takardar yarjejeniya ta shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a raba wa duk mai buƙata, ko ɗan ikkilisiya ne ko ba shi ba ne.

Kafin mu zauna, ga ƙarshen labaran da muka fara da su. 'Yar'uwarmu ta rubuta takarda, dattawa biyu suka raka ta. Mai gidan rainon ta cire naira 10,000, ta mayar da 50,000 a biya biyu, suka rabu suna gaisawa. Ɗan'uwanmu na Tudun Wada kuwa ba shi da ko layi ɗaya a rubuce, saƙon da aka fara yi masa alkawari a ciki ma ya goge shi. Sai da ya biya ƙarin har zango ya ƙare, sannan ya sauya wa 'yarsa makaranta. Dukansu suna da gaskiya, amma ɗaya ce take da shaida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba masu renonsu haƙuri da ladan aikinsu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu a wannan birni. Ya kai kowa gidansa lafiya.